Za mu sauya DC zuwa Windows Server 2022: ina makomar lasisin Remote Desktop ɗinmu?

Tambaya: Kamfaninmu na da DC biyu (Domain Controller, sabar da ke tantance masu shiga domen, wato tsarin da ya haɗa asusun ma'aikata da kwamfutocin kamfani) masu Windows Server 2012 R2. Domen ɗin tsoho ne, tun zamanin Server 2003 ake ta ɗaga shi. Muna da sabobi biyu da ma'aikata ke shiga ta Remote Desktop, su ma 2012 R2 ne, da lasisi 50. Sai yanzu na lura cewa sabar lasisin a kan ɗaya daga cikin DC ɗin take. Muna so mu kawo sababbin DC masu 2022 mu kashe tsofaffin. Shin sai mun sayi sabon lasisi? Kuma me zai faru ranar da muka kashe tsohuwar DC ɗin?

Amsa: Malam, ka yi sa'a da ka gano inda sabar lasisin take tun kafin a taɓa komai. Yawanci sai bayan an kashe DC an watse, an yi makonni, sannan ake tunawa da ita.

Lasisin Remote Desktop, wanda ake kira RDS CAL, ba ruwansa da shekarar DC. Abin da yake bi shi ne sabar da ma'aikata ke zama a kanta su yi aiki, wadda Microsoft ke kira Session Host, ni kuma zan riƙa ce mata sabar zama. Muddin sabobin zamanku na nan a 2012 R2, lasisin 2012 da kuke da shi ya ishe ku, ko da kun mayar da kowace DC 2022. Sai dai akwai wani lasisin daban da zai hau kanku, zan zo kansa. Ranar da kuka kashe tsohuwar DC kuwa, mai yiwuwa ba abin da zai faru a ranar. Matsalar ke nan.

Ƙa'idar shekaru guda biyu ce, kuma mutane kan cakuɗa su. Ta farko tsakanin lasisi ne da sabar zama: dole lasisi ya kai shekarar sabar zama ko ya fi ta. Lasisin 2022 zai shigar da mutum sabar 2019, da 2016, da 2012 R2, amma lasisin 2012 ba zai shigar da kowa sabar 2016 ba. Su 2012 da 2012 R2 lasisi ɗaya suke amfani da shi, kamar yadda 2008 da 2008 R2 suka yi tarayya. Ta biyu tsakanin lasisi ne da sabar da ke ajiye shi: sabar lasisi tana ɗaukar lasisin shekararta da na shekarun baya, ba ta ɗaukar na gaba. Sabar lasisi mai 2012 R2 ba za ta karɓi lasisin 2022 ba ko me ka yi mata, mai 2022 kuwa za ta riƙe na 2012 da na 2022 a lokaci guda. Idan ka haɗa biyun za ka ga cewa sabar lasisi ita ya kamata ta zama mafi sabunta a duk tsarin Remote Desktop ɗinku. DC ba ta cikin wannan lissafin ko kaɗan.

Lasisin da na ce zai hau kanku shi ne Windows Server CAL, na gama-gari, wanda duk mutum ko na'urar da ke cin moriyar saba ke buƙata. RDS CAL ƙari ne a kansa, ba ya maye gurbinsa. Shi ma dole ya kai shekarar sabar da ake amfani da ita, kuma duk ma'aikacin da ya buga kalmar sirrinsa da safe DC ce ta tantance shi. Da zarar DC ta zama 2022, kowa na buƙatar Windows Server CAL na 2022 ko wanda ya fi shi. Babu inda ake girka shi, babu saƙon da zai fito ya tsare ka, takarda ce kawai da ake nema ranar binciken lasisi, shi ya sa ake mantawa da shi a kasafin aiki. Idan kuna da Software Assurance, wato yarjejeniyar sabunta lasisi da Microsoft, mai rai a kan lasisinku, kuna da haƙƙin sabuwar shekara ba tare da sabon saye ba. Ka duba yarjejeniyarku kafin ka rubuta wa shugabanni buƙatar kuɗi.

Ba ka faɗi ko lasisinku 50 na na'ura ne ko na mutum ba, kuma yadda abin zai lalace ya danganta da wannan.

Na na'ura, wato Per Device, haka yake tafiya: karon farko da kwamfuta ta shiga, ana ba ta lasisin wucin gadi na kwana 90. A shiga ta biyu sai a ba ta na dindindin, wanda a gaskiya ba dindindin ba ne, domin sabar lasisi tana zaɓa masa wa'adi tsakanin kwana 52 zuwa 89, sannan a sabunta shi idan saura kwana 7 ya ƙare. Lasisin yana zaune ne a rajistar kwamfutar ma'aikacin, wato Registry inda Windows ke ajiye saitunanta, ƙarƙashin MSLicensing. Saboda haka idan ka kashe sabar lasisi yau, gobe kowa zai shiga lafiya, domin kowa takardarsa na hannunsa. Bayan kwanaki sai mutum ɗaya ya kira ya ce an kore shi da saƙon cewa babu sabar lasisi. Jibi biyu, mako mai zuwa biyar, kowa da ranarsa tunda wa'adin nasu ba ɗaya ba ne. A lokacin an riga an manta da aikin DC, sai a bar jaki ana dukan taiki: a zargi kwamfutar mutumin, a zargi intanet, a zargi sabuntawar Windows ta watan. Na taɓa shafe yini biyu a wani kamfani ina bin irin wannan kafin wani ya ambata, a cikin hira, cewa an sauke wata tsohuwar DC wata guda da ya wuce.

Kada ka dogara da kwana 120 ɗin nan na rangwame da kake ji ana faɗa, wato lokacin da sabar zama ke barin mutane su shiga ba tare da lasisi ba. Sau ɗaya ake ba kowace sabar zama, yana farawa ne daga lokacin da ta fara karɓar masu shiga, kuma yana ƙarewa ko dai da cikar kwanakin ko da zarar an ba da lasisin dindindin na farko ta hanyarta. Sabobinku sun cinye nasu shekaru da suka wuce, kashe sabar lasisi ba zai dawo musu da shi ba. Za ka ga masu ba da shawarar a goge maɓallin GracePeriod a rajista don agogon ya koma farko. Yana yi, amma jinkirta matsala ce zuwa wata huɗu masu zuwa, lokacin da ba wanda zai tuna an yi hakan, kuma ba ya mayar da mara lasisi mai lasisi.

Na mutum, wato Per User, shi ne wanda ya shafi domen kai tsaye, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Ba a ajiye komai a kwamfutar ma'aikaci. Sabar lasisi tana zuwa Active Directory ne, wato kundin asusun domen da DC ke riƙe da shi, ta rubuta a jikin asusun mutumin cewa ta ba shi lasisi: wace saba ce ta bayar, wace shekara, yaushe zai ƙare. Idan ka buɗe Attribute Editor na wani asusu za ka ga msTSManagingLS da msTSLicenseVersion da msTSExpireDate, wa'adin kuma kwana 60 ne. Kafin ta iya wannan rubutun, dole asusun kwamfutarta ya kasance cikin rukunin Terminal Server License Servers, wanda ke cikin Builtin. Idan sabar lasisin a kan DC take, kamar taku, har asusun Network Service sai an saka a rukunin. Sabuwar sabar da za ka gina ba za ta gaji wannan daga tsohuwar ba. Ka duba da idonka cewa tana ciki, in ba ta ciki ka saka ta, sannan ka sake kunna ta domin ta karɓi sabon tikitin Kerberos, wato takardar shaidarta a domen, mai ɗauke da rukunin. Idan kuna da domen fiye da ɗaya, kowane domen da ke da ma'aikata masu shiga yana da nasa rukunin, a kowanne sai an saka ta.

Alamar cewa wannan ya kuskure ita ce Event ID 4105, saƙon kuskure a kundin abubuwan da suka faru a kan sabar lasisi, mai cewa ta kasa sabunta bayanan lasisi na wane. A nan tsufan domen ɗinku ya shigo. Asusun da aka buɗe tun da can, kafin a yi ta faɗaɗa tsarin Active Directory, wasunsu ba su ɗauke da izinin da ke barin wancan rukunin ya rubuta a jikinsu. Sai ka ga sababbin ma'aikata suna fitowa a rahoton lasisi, waɗanda suka fi kowa daɗewa a kamfanin kuwa babu su. Maganin shi ne a ba rukunin izinin karantawa da rubuta bayanan Terminal Server License Server a kan OU ɗin ma'aikata, wato sashen Active Directory da asusunsu ke ciki, ko ta Delegate Control ko da dsacls. Ko bayan haka za a sami 'yan tsiraru da suka ƙi: waɗanda suka taɓa zama a Domain Admins ko makamancinsa, aka yanke musu gadon izini daga OU, kuma ba a mayar ba bayan an cire su. Su sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa ake raina 4105 shi ne lasisin mutum ba ya tsare ƙofa saboda adadi. Kuna da 50, mutum 70 za su shiga, sabar ba za ta hana su ba. Alhakin ƙirga yana wuyanku ne. To idan rubutun ya gaza, rahoton da za ku yi ƙirgar da shi ƙarya yake faɗa muku. Kuma wannan sassaucin ba zai ɗore ba: a sabobin zama masu 2019 zuwa sama, idan aka sami tangarɗa wajen ba mutum lasisi, yakan ga gargaɗin cewa za a katse zamansa cikin minti 60.

Shawarata ita ce ka raba aikin gida biyu, kada ka haɗa su a dare ɗaya. Ka fara kwashe lasisi daga kan DC, ka tabbatar ya zauna, sannan ka taɓa domen. Idan ka haɗa su wani abu ya lalace, ba za ka san wanne ne sila ba.

Kafin komai, buɗe licmgr.exe a tsohuwar sabar ka rubuta abin da ke ciki: kowane kunshin lasisi da shekararsa da nau'insa da adadinsa, da hanyar da aka saye shi. Ka shiga Properties ka kwafe lambar shaidar sabar, License Server ID, mai haruffa 35. Sannan ka nemo takardun sayen, wato lambar lasisi mai haruffa 25 idan na ɗai-ɗai ne, ko lambar yarjejeniya idan na kamfani ne. Wannan neman shi ya fi cin lokaci, domin sau da yawa wanda ya saya ya bar aiki, kuma lambobin ba sa fitowa daga cikin sabar. Idan ba ka same su ba, dakata da batun kashe DC har sai kun warware da dillalinku ko da Microsoft. Ka kuma ɗauki kwafin babban fayil ɗin LServer da ke cikin System32, inda rumbun bayanan lasisin yake, bayan ka tsayar da sabis ɗin TermServLicensing.

Sabuwar sabar lasisi ta zama memba ce kawai a domen, mai 2022, ba DC ba. Aikinta ba nauyi, ƙaramar VM, wato sabar da ke gudana a cikin wata na'urar, ta ishe ta, ko ka ɗora ta a kan Connection Broker, mai rarraba masu shiga tsakanin sabobin zama, idan kuna da shi a saba mai sabuwar shekara. Dalilin guje wa DC biyu ne. Na farko shi ne halin da kake ciki yanzu: duk ranar da za a sauya DC sai lasisi ya shiga tsaka mai wuya. Na biyu tsaro ne. A watan Yulin 2024 Microsoft ta toshe wata ɓaraka a sabis ɗin lasisin nan, CVE-2024-38077, wadda ke ba maharin da ya iso sabar ta hanyar sadarwa damar gudanar da abin da yake so ba tare da kalmar sirri ba. A kan ƙaramar VM abin takaici ne. A kan DC kuwa, domen ɗin gaba ɗaya ya tafi. Tunda tallafin 2012 R2 ya ƙare a ranar 10 ga Oktoba 2023, idan ba ku sayi ƙarin tallafin tsaro ba, taku tsohuwar ba ta sami wannan gyaran ba.

Bayan girka RD Licensing sai a yi mata rajista da Microsoft, ta intanet kai tsaye, ko ta burauza daga wata kwamfutar, ko ta waya. Daga nan, a cikin Manage Licenses, ka zaɓi ƙaura da lasisi daga wata sabar zuwa wannan. Zai nemi sunan tsohuwar, in bai same ta ba ya nemi lambar shaidar nan da ka kwafe, sannan ya nemi lambobin saye. Ka lura ba kwashewa yake yi daga can ya kawo nan ba. Sabuwar ce ke karɓar nata daga Microsoft, na tsohuwar na nan zaune, kuma kai ne ka yi alkawarin daina amfani da su.

Saura a gaya wa sabobin zama inda za su nufa. Tun daga 2008 R2 sabar zama ba ta neman sabar lasisi da kanta, sai an ba ta suna. Wurin da ake ba ta sunan ya kai uku: Group Policy, wato saitunan da domen ke tura wa kwamfutoci, ƙarƙashin Remote Desktop Session Host sannan Licensing, inda akwai saitin sunan saba da saitin nau'in lasisi, ko Deployment Properties a Server Manager, daidai da Set-RDLicenseConfiguration a PowerShell, ko kuma wani ya taɓa sa shi da hannu a kan sabar ita kanta. Group Policy ke rinjaye. Na sha ganin an gyara a Server Manager, ana ta mamakin me ya sa sabar ke ci gaba da kiran tsohon suna, ashe wata tsohuwar GPO ce, wato dokar Group Policy, ke mayar da shi. Ka gudanar da gpresult a kan kowace sabar zama ka ga daga ina saitin ke zuwa, ka zaɓi wuri ɗaya, ka share sauran. Ka yi amfani da cikakken suna, kada ka sa adireshin IP. Nau'in da ka zaɓa kuma ya dace da abin da ka girka: sabar zama mai neman na na'ura ba za ta amfana da lasisin mutum ba ko guda dubu ne. Idan akwai katangar tsaro a tsakaninsu, ana buƙatar TCP 135 da ƙofofin RPC daga 49152 zuwa 65535. Idan kuma kuna da saitin License server security group a kunne, sai ka saka sabobin zama a rukunin RDS Endpoint Servers na sabuwar sabar, in ba haka ba za ta ƙi su.

Gwaji shi ne inda ake ruɗar kai. Shigarka lafiya ba hujja ba ce, musamman idan da mstsc /admin ka shiga, domin zama biyun da aka ware wa masu kula da saba ba sa neman lasisi. Buɗe lsdiag.msc a kowace sabar zama, ya nuna sabuwar sabar da adadin lasisi ba tare da gargaɗi ba. Sannan idan na na'ura ne, ɗauko kwamfutar da ba ta taɓa shiga ba, ka shiga sau biyu, ka ga ta fito a licmgr, da farko a wucin gadi sannan a dindindin. Idan na mutum ne, gwada da sabon asusu da kuma tsoho wanda ya daɗe bai shiga ba, ka duba ko msTSExpireDate ya motsa. Kada ka damu idan sauran ma'aikata ba su bayyana nan take ba, sai wa'adin kowa ya kusa cika zai zo. Daga nan ka tsayar da sabis ɗin lasisi a tsohuwar DC, kada ka cire shi, ka bar shi haka mako biyu kana duba 4105 da kuma 1130, wanda ke nufin sabar zama ba ta da sabar lasisin da aka ambata mata. In wani abu ya ɓoye yana dogara da tsohuwar, a wannan tsakanin zai fito, kuma komawa baya danna maɓalli ɗaya ne.

Aikin domen ɗin kansa ba shi ka tambaya ba, amma abu ɗaya zai iya tare ka. Domen da ya taso daga 2003 sau da yawa har yanzu da tsohuwar hanyar FRS yake kwafar SYSVOL, ma'ajiyar fayilolin da DC ke tarayya a kanta, DC mai 2019 ko 2022 kuwa ba za ta shiga ba sai an koma sabuwar hanyar DFSR da dfsrmig, kuma matakin domen, wato functional level, ya kai aƙalla 2008. Ɗaga matakin zuwa 2016 bayan an sauke tsofaffin, wanda shi ne iyakar abin da 2022 ke bayarwa, ba ya taɓa lasisi. Abin da ke taɓa shi shi ne DNS, mai mayar da sunan saba zuwa adireshi: idan sabobin zama da sabar lasisi suna nuni ga adireshin tsohuwar DC, ranar da ta mutu za su daina ganin juna, kai kuma ka ɗauka lasisi ne.

Wani zai ce me zai hana a sauke DC ɗin kawai a bar ta tana aikin lasisi. Zai yiwu, lasisin ba ya gogewa don an sauke ta. Sai dai asusunta zai bar OU ɗin Domain Controllers, GPO ɗin da ke hawa kanta su canza, ka sake duba rukunin Terminal Server License Servers, kuma a ƙarshe kana riƙe da saba mara tallafi wadda ba za ta taɓa karɓar lasisin da ya wuce 2012 ba. Ban ga ribar ba.

Duk abin da na faɗa na mai ɗaga domen ɗin da yake da shi ne. Idan sabon domen za ku gina ku kwashe ma'aikata zuwa can, ka ɗauka kowane asusu sabo ne a idon sabar lasisi, rukunin na sabon domen ne za a saka ta, kuma lasisin mutum tsakanin fores biyu (fores shi ne babban tsarin da ke ɗauke da domen ɗaya ko fiye) yana buƙatar amincewa, wato trust, ta ɓangarorin biyu muddin ana cikin ƙaura.

Ranar da kuka tashi ɗaga sabobin zaman, wadda bai kamata ta yi nisa ba, a lokacin ne za ku sayi sabon RDS CAL. Jerin shi ne Connection Broker da farko, sai sabar lasisi, sannan sabobin zama, kuma duk sabobin zaman da ke cikin tari ɗaya, wato collection, su zama shekara ɗaya. Kada ku tsaya a 2016, tallafinta zai ƙare a Janairun 2027. Idan kuna tunanin 2025, to tun yanzu ka gina sabar lasisin da 2025 maimakon 2022, domin mai 2022 ba za ta karɓi lasisin 2025 ba. Kuma a lokacin da tsofaffi da sababbin sabobi ke aiki tare, ka sa ido: idan lasisin 2012 ya ƙare, sabar lasisi za ta fara miƙa na sabuwar shekara ga masu shiga tsohuwar saba, sai ka wayi gari sababbin da kuka saya sun ragu. Saitin Prevent license upgrade a Group Policy na sabar lasisi shi ke hana wannan, kuma gara ka kunna shi kafin ka girka sabon kunshin.